Wane shayi ne ke sauƙaƙa kumburin ciki bayan cin abinci?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mace ce mai shekara 38. Kusan kullum idan na ci abinci, musamman na dare, sai cikina ya kumbura ya yi tam har sai na sassauta zani. Wani lokaci gyatsa ce ke damuna, wani lokaci iska ce ke kai-kawo a ƙasan cibiya. Nakan dafa citta da kanumfari da na'a-na'a in sha. Wata rana in ji sauƙi, wata rana kuma ƙirjina ya ɗauki zafi. Wane shayi ya fi dacewa da ni, nawa zan sa, kuma yaushe zan sha?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Hajiya. Allah ya ƙara sauƙi. Rabin amsar na cikin tambayarki. Kina zuba abu uku da aikinsu ya sha bamban a tukunya ɗaya, kina sha wa kumburin da shi ma ba kullum yake iri ɗaya ba. Ranar da haɗin ya dace da abin da ke damunki sai ki ji sauƙi, ranar da bai dace ba sai citta da na'a-na'a su taru su tayar miki da ƙwannafi. Saboda haka kafin ki ɗora ruwa a wuta, fara gane wane kumburi ne ya zo miki yau.

Akwai na saman ciki. Shi tun ana kan cin abinci yake farawa, ko cikin rabin awa da gamawa. Za ki ji nauyi tsakanin ƙahon zuci da cibiya kamar abincin ya tsaya cak, ga gyatsa, wani sa'in har da ɗan tashin zuciya. Yawanci ko dai tumbi ya cika fiye da kima, ko yana jinkirin tura abinci zuwa hanji, abin da maiƙo da soye-soye ke ƙara jawowa. Sai kuma iskar da aka haɗiya wajen ci da gaggawa, ko ana ci ana surutu, ko an kora da lemo mai gas.

Akwai na ƙasan ciki, wanda ba ya zuwa sai bayan awa uku, huɗu, har fiye. Ciki ya dinga ƙugi, iska tana yawo a ƙasan cibiya da gefuna, idan ta fita a ji sakayau. Wannan daga babban hanji yake. Wasu nau'o'in sukari da ke cikin wake, albasa, tafarnuwa, alkama, kabeji da madara ba sa narkewa sosai a ƙaramin hanji, sai su gangara babban hanji inda ƙananan halittun da ke zaune a wurin suke cinye su suna fitar da iska, kamar dai yadda ƙullu ke tashi idan ya kwana. Ki lura da wani abu a nan: kumburin da kike ji bayan tuwon dare sau da yawa ba laifin tuwon ba ne. Shinkafa da waken rana ne suka iso babban hanji a daidai lokacin, sabon abincin da ya shiga ya motsa hanjin kawai. Mutane da yawa sun daina cin abin da bai yi musu komai ba saboda rashin sanin wannan.

Na uku shi ne na wadda bahaya ba ya fita mata yadda ya kamata. Iska ta rasa hanya, komai ta ci sai ya kumbura ta. Za mu dawo kansa, domin shi shayi bai cika yi masa komai ba.

Citta ta saman ciki ce. Aikin da aka fi tabbatar mata shi ne kwantar da tashin zuciya da taimaka wa tumbi ya tura abinci gaba. A wani gwaji da aka yi a Taiwan, aka buga a 2008, an ba mutum 24 masu lafiya gram 1.2 na garin citta kafin su sha romo. Rabin romon ya bar tumbinsu cikin kimanin minti 13, alhali ba tare da citta ba sai da ya kai kusan minti 27. Amma da aka maimaita a 2011 da mutum 11 masu fama da nauyin ciki, tumbin ya ƙara sauri, su kuwa ba su ji wani bambanci a jikinsu ba. Mun kawo duka biyun ne don kada a ɗora wa citta abin da ya fi ƙarfinta. Tana taimakon wasu sosai, wasu kuma ko kaɗan, kuma gwadawa kaɗai ke nuna wa mutum ɓangaren da ya faɗa.

Idan ɗanya ce, ki yanki kamar rabin babban yatsanki, wajen gram 5 zuwa 8. Ki wanke, ki kankare bayan da bakin cokali, ki yayyanka siri-siri ko ki ɗan daddaka. Ki zuba a ruwa kofi ɗaya da rabi. Idan muka ce kofi a nan muna nufin mililita 250, wato rabin ledar fiya-wata. Idan ya tafasa ki rage wuta, ki rufe, ya ci gaba da ɗan motsi minti 8 zuwa 10, sannan ki tace. Saiwa ce mai tauri, tana jure tafasa, ba kamar ganye ba. Idan busasshiya ce, lissafin ya canja gaba ɗaya. Bushewa na juya sinadarin jinjarol da ke cikin ɗanya zuwa shogawol, wanda ya fi shi zafi nesa ba kusa ba. Rubu'in cokalin shayi na garin ya isa a fara da shi, kada ya wuce rabin cokali a kofi ɗaya. Ki zuba masa tafasasshen ruwa, ki rufe minti 10. Cittar da ake nomawa a Kudancin Kaduna, wajen Kachia da Kwoi da Kagarko, tafin giwa ce ko yatsun biri, an san ta da zafi har a kasuwannin waje, don haka duk ma'aunin da kika gani an rubuta a wata ƙasa ki fara da mafi ƙanƙantarsa.

Iyakar da aka saba bai wa babba ita ce gram 4 na busasshiya a yini, kusan cokalin shayi biyu ke nan, kuma wannan ya haɗa da wadda ke cikin yaji da kunu da zoɓo da miya. A gidajenmu mutum kan kusa cika wannan ma'auni tun bai sha shayi ba. Mai juna biyu kada ta wuce gram 1. Wanda ke shan wafarin ko wani maganin tsinka jini, da mai tsakuwa a matsarmama, su tambayi likitansu kafin su mai da ita abin sha na kullum. Alamar an yi yawa ita ce zafi a ƙirji ko maƙogwaro, da gyatsa mai yaji, wani lokaci da sakin ciki.

Na'a-na'a kuwa aikinta sassauta tsokar hanji ne. Idan hanji ya murɗe ya riƙe iska a wani lungu, man da ke cikin ganyen yana sa tsokar ta saki, iskar ta wuce, murɗar ta lafa. Shi ya sa ta fi dacewa da kumburin ƙasan ciki mai haɗe da murɗa. Sai dai ba ta zaɓen tsokar da za ta sassauta. A inda hanyar abinci ta haɗu da tumbi akwai wata tsoka kamar zobe da ke hana ruwan tsamin tumbi hawowa sama. Na'a-na'a na sassauta wannan zoben shi ma. Ki haɗa wannan da zafin citta, da cikakken tumbi, da kwanciya jim kaɗan bayan abincin dare, kin ga daga inda zafin ƙirjinki yake fitowa. A ganinmu, duk ranar da kika ji tsami yana taso miki ko ƙirji na zafi, ki ajiye na'a-na'a gaba ɗaya, idan kuma abin na yawan faruwa ki bar ta ga sha da rana kawai.

Kuskuren da aka fi yi mata shi ne dafawa. Amfaninta na cikin mai ne mai saurin bin tururi. Idan gida ya game da ƙamshinta, to maganin ya tafi iska, abin da ya rage a tukunya ruwan ganye ne mai ɗan bauri. Ki tafasa ruwan shi kaɗai, ki sauke, ki bar shi kamar minti ɗaya. Ki sa ɗanyen ganye 10 zuwa 15 da kika ɗan murje a tafin hannu, ko busasshe babban cokali ɗaya, wato wajen gram ɗaya da rabi. Ki zuba ruwan a kai, ki rufe da faranti minti 5 zuwa 10. Idan kin buɗe, ɗigon da ya taru a jikin murfin ki karkaɗe shi cikin kofin, domin da man a cikinsa. Na'a-na'a iri-iri ce. Wadda ke sanyaya harshe sosai idan an tauna ita ce mai yawan mentol, kuma ita aka fi yin bincike a kanta. Wadda aka fi samu wajen masu kayan miya da masu attaya ƙamshinta ya fi taushi, mentol ɗinta kaɗan ne, aikinta ma ya fi sauƙi. Kuma gaskiyar magana, hujja mafi ƙarfi ba a kan shayin take ba, a kan man na'a-na'a take da ake sawa cikin kwanso mai rufi na musamman wanda ba ya narkewa sai ya wuce tumbi. Shayin bai kai shi ƙarfi ba. Amma kada wannan ya sa ki ɗiga man kwalba a ruwa ki sha. Yana ƙona maƙogwaro, kuma shi ne ya fi komai tayar da ƙwannafi.

Ga mai ƙwannafi da iska a tare, irinki, abin da muka fi so a fara gwadawa shi ne shammar. Ƙwaya ce mai kama da ƙaramar shinkafa, launin kore-kore, mai ɗan zaƙi, ana samunta a shagunan magungunan Musulunci da wajen masu kayan ƙamshi. A Indiya da Pakistan tauna ta ake yi bayan cin abinci, kamar rabin cokalin shayi, kuma wannan ma hanya ce mai kyau ga wadda ba ta son cika cikinta da ruwa. Idan shayi za ki yi, ki auni cokalin shayi ɗaya ba tozo, wajen gram 2, ki ɗan fasa a ƙaramin turmi daidai lokacin da za ki yi amfani da ita. Man yana kulle ne a cikin ƙwayar. Idan ba a fasa ba ba ya fitowa, idan kuma an niƙa an ajiye sai ya gudu cikin 'yan makonni, shi ya sa garin da ya daɗe a leda ba ya aikin komai. Ki zuba tafasasshen ruwa kofi ɗaya, ki rufe minti 15, ki tace. Ana iya sha har sau uku a yini. Hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai ta amince da ita a matsayin maganin gargajiya na kumburi da iska, tare da sharaɗin babba kada ya wuce mako biyu yana sha a jere. Ba a ba yaron da bai kai shekara 4 ba, kuma ba a ba mai juna biyu ko mai shayarwa shawarar shan ta, saboda wani sinadari da ke cikinta mai suna estiragol. Mun san ana yawan ba masu jego don ƙarin nono, amma taka-tsantsan ya fi. Yansun da kammun da karawiya, waɗanda su ma ƙwayoyin ƙamshi ne, duk 'yan gida ɗaya ne da shammar, yadda ake haɗa shayinsu iri ɗaya ne, ma'auninsu ma kusan ɗaya. Wanda jikinsa ba ya karɓar ɗaya, ya yi hattara da sauran.

Akwai wani abu game da shammar da ba kowa ke faɗa ba. Jami'ar Monash ta Ostireliya, wadda ta shahara wajen auna irin sukarin nan da ke tashi a hanji, ta sa shayin shammar da na furen babunaj (chamomile a Turance) cikin masu ɗauke da shi da yawa, shayin na'a-na'a kuwa cikin masu ƙarancinsa. Ma'ana, ga wanda hanjinsa ke da saurin fushi, shammar na iya ƙara masa iskar da yake gudu. Idan kin sha kwana uku kin ga abin gaba yake yi, ba ki yi kuskuren haɗi ba, ba taki ba ce kawai.

Babunaj fure ne, aikinsa mai taushi. Ya fi amfani ga wadda cikinta ke ɗaurewa idan hankalinta ya tashi, ko kumburin ke hana ta barci. Babban cokali ɗaya da tozo a kofi, a rufe minti 10, ba a dafawa. Mai shan wafarin da mai atishawa ko ƙaiƙayi idan ya kusanci furanni su bar shi. Ciyawar nan mai ƙamshin lemun tsami da ake shukawa a gidaje don shayi ita ma ba laifi, ganye biyu ko uku a kofi, ko da yake hujjarta ta al'ada ce kawai. Kanumfari kuma, wanda kike sawa kullum, ba shi ne jigo ba. Ƙwaya biyu ko uku don ƙamshi sun isa. Cika hannu da ake yi ana jiƙawa yana iya ƙona cikin da dama yake a ƙule, man kanumfari na kwalba kuwa ba abin sha ba ne, kaɗan daga cikinsa na iya lalata hantar yaro.

Idan kin gwada kowanne shi kaɗai kin san wanda ya karɓe ki, sannan ki iya haɗa biyu. Don nauyin saman ciki, ki dafa cittar minti 8, ki sauke, ki zuba fasasshiyar shammar rabin cokalin shayi, ki rufe minti 10. Don iskar ƙasan ciki ranar da babu ƙwannafi, na'a-na'a da rabin cokalin karawiya ko shammar a kofi ɗaya, a zuba ruwan zafi a rufe. Ƙa'idar ba ta canjawa: saiwa a kan wuta, ganye da ƙwaya bayan an sauke, murfi kuma dole. Abin da kika haɗa da safe kika zuba a filas ki shanye shi a ranar, kada ya kwana.

Lokacin sha yana da muhimmanci kamar abin da ake sha. Kofi ɗaya ya isa, bayan minti 20 zuwa 30 da gama cin abinci. Kofi biyu ko uku a kan cikakken tumbi ƙarin kaya ne. Idan citta ce don nauyin ciki, rabin kofi minti 15 kafin abinci ya fi yi wa wasu aiki. Ki sha a hankali, ba tare da zuƙa mai ƙara ba, domin wannan zuƙar iska take tura miki. Ki bar shi ya huce ya zama mai ɗumi. A 2016 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa abin sha da zafinsa ya haura digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo dajin hanyar abinci. Idan sai kin hura kafin ki kurɓa, bai huce ba. Bayan kin sha ki ɗan taka minti 10 zuwa 15, ko a tsakar gida ne, domin tafiya na fitar da iska fiye da zama ko kishingiɗa. Ki kuma bar awa uku tsakanin abincin dare da kwanciya. Mun yi imani wannan kaɗai zai rage miki zafin ƙirjin fiye da kowane ganye.

Ga mace mai shekarunki akwai batun jini. Shayi na hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci. Wani bincike da aka buga a 1999 ya nuna baƙin shayi na rage shi da kashi 79 zuwa 94 cikin ɗari idan an sha tare da abinci, na'a-na'a da kashi 84, babunaj da kashi 47. Idan kina da ƙarancin jini, ko al'adarki na zuwa da yawa, ko kina shan maganin ƙarin jini, ki bar aƙalla awa ɗaya tsakanin abinci da shayin ganye, ki kuma raba shi da ƙwayar maganin da awa biyu.

Kada ki sa madara. Manya da yawa a Afirka ta Yamma jikinsu ya rage narkar da sukarin madara bayan yarinta, ko da yake Fulani makiyaya sun fi sauran jure shi. Mutum zai haɗa shayin citta don kumburi, ya zuba madarar gari cokali uku, ya kumbura, ya ce citta ba ta aiki. Gwajin mai sauƙi ne: ki bar madarar gari da ta gwangwani da ɗanyen nono mako biyu cur, sannan ki sha kofi ɗaya da safe ki saurari cikinki zuwa azahar. Kindirmo da nono mai tsami sukan fi sauƙi, domin tsamin ya riga ya cinye wani ɓangare na sukarin. Zuma ma kada ta wuce cokalin shayi ɗaya, yawanta na kumbura wasu. Lemun tsami ki bar shi ranar ƙwannafi.

Akwai abubuwan da ake sha da sunan maganin kumburi da muke roƙonki ki nisanta. Na farko filasko, ko sanamaki, da duk shayin da ake tallatawa da sunan rage tumbi ko wankin ciki, domin yawancinsu shi ne a ciki. Yana tilasta wa babban hanji ya matse ya fitar da abin da ke cikinsa, ciki ya lafe na yini ɗaya, mutum ya ɗauka ya samu magani. Abin da ya fita ruwa ne da gishirin jiki, musamman fotasiyam da zuciya ke buƙata. Ba a shan sa fiye da mako ɗaya sai da umarnin likita. Na biyu jiƙon kanwa. Idan ta haɗu da ruwan tsamin tumbi iska take haifarwa, gyatsar da ake yi a ji daɗi ita kanwar ce ta kawo ta. Ga kuma gishirin da ke cikinta mai tayar da hawan jini. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Hulba tana da nata amfanin, amma ita kanta tana sa iska da sakin ciki, tana sauke sukarin jini, kuma ba ta dace da mai juna biyu ba. Attaya mai kauri da sukari bayan abincin dare kuwa ƙwannafi da rashin barci take ƙarawa.

Yadda za ki gane naki shi ne ki ɗauki abu ɗaya ki sha shi kaɗai kwana bakwai. Ki samu ɗan littafi ki dinga rubuta abin da kika ci, ƙarfe nawa, ƙarfe nawa kumburin ya fara, sama ne ko ƙasa, da ko kin yi bahaya a ranar. Da yake kina da zafin ƙirji, ki fara da shammar bayan abincin dare. Mako na biyu ki koma ɗanyar citta mara yawa kafin abincin rana. Na'a-na'a ta zo ƙarshe, da rana kawai. A cikin wannan lokaci ki rage yawan abincin dare da kamar kashi ɗaya cikin huɗu, ki tauna sosai, ki bar lemo mai gas da cingam. Wake kuma ki jiƙa shi awa 8 zuwa 12, ki zubar da ruwan, ki ɗauraye, ki dafa da sabon ruwa har ya yi laushi tuɓus. Sukarin da ke sa iska yana narkewa a ruwa, wani kasonsa na tafiya da ruwan jiƙon. Ba sai kin daina cin wake ba. Kaɗan-kaɗan a kai a kai ya fi sauƙi ga hanji a kan kwano guda sau ɗaya a mako. Lokacin azumi ma haka abin yake: ƙosai da soyayyen dankali da kunu da lemo mai sanyi a zama ɗaya, babu shayin da zai iya da su. A raba buɗa-bakin biyu, kafin magariba da bayanta.

Idan littafin ya nuna kina kwana biyu ko uku ba bahaya, ko yana fita da ƙyar a ƙanƙame, to nan ne gyaran yake. Ruwa isasshe, miyar kuɓewa da ta ganye, zogale, gwanda, da zuwa bayi da zarar an ji buƙata ba tare da riƙewa ba. Ki ƙara ganyen a hankali cikin mako biyu, domin ƙara shi farat ɗaya shi ma kumburi yake kawowa. Ki kuma duba magungunan da kike sha. Metfomin na masu ciwon suga da ƙwayoyin ƙarin jini suna kumbura ciki. Ibufurofen da dikulofenak da ake saya barkatai don ciwon jiki suna cin bangon tumbi. Kada ki daina maganin da likita ya rubuta miki da kanki, ki gaya masa, sau da yawa canja lokacin sha ko nau'in maganin ya wadatar.

Idan mako biyu zuwa uku suka wuce kina bin wannan tsari ba canji, lokacin asibiti ya yi. Ƙwayar cutar H. pylori, mai haddasa gyambon ciki, ta yaɗu ƙwarai a arewacin Najeriya, kuma nauyin saman ciki da gyatsa na cikin alamunta. Babu shayin da ke kashe ta. Ana gano ta da gwajin bahaya ko na numfashi, maganinta kuma haɗin ƙwayoyin kashe cuta ne da mai rage tsamin ciki, yawanci na kwana 14. Gwajin bahaya na iya nuna tsutsar ciki ko wasu ƙwayoyin da ake ɗauka a gurɓataccen ruwa, waɗanda su ma suna kumbura ciki.

Wasu alamu kuwa ba a jira da su ko kwana ɗaya don a gwada ganye. Bahaya baƙi kamar kwalta ko mai jini, aman jini ko amai mai kama da garin kofi, abinci na tsaya miki a ƙirji idan kin haɗiya, rama ba dalili, ido ya yi rawaya, ko ciki na girma a hankali ba ya saɓewa ko da safe, musamman idan ƙafa na kumbura. Ciwo mai tsanani da amai, ba tusa ba bahaya, na iya zama toshewar hanji, a tafi asibiti a daren. Zafin ƙirji da ke zuwa da gumi ko sarƙewar numfashi, ko yake miƙawa zuwa hannu ko muƙamuƙi, a ɗauke shi na zuciya ne har sai an tabbatar ba shi ba ne. Ga mata kuma, kumburin da ke zuwa fiye da sau 12 a wata tare da saurin ƙoshi, ciwon mara ko yawan fitsari, yana buƙatar a duba ƙwan mahaifa da hoton ciki, musamman daga shekara 50 zuwa sama. Da yake kin ce naki kusan kullum ne, ki ambata wa likita wannan ko da shekarunki ba su kai ba.

Ranar da za ki je, ki tafi da littafin nan da duk magunguna da ganyayyakin da kike sha, a ledarsu. Idan kina shan omefurazol, wato maganin rage tsamin ciki, ko makamancinsa ki faɗa tun kafin a ɗauki gwajin H. pylori, domin sai an dakatar da shi mako biyu, maganin kashe ƙwayoyin cuta kuma mako huɗu, in ba haka ba gwajin na iya nuna babu cutar alhali tana nan. Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa, Hajiya.